Saɓon Ruhu Mai Tsarki: Wa ke da Ikon Cewa Gafara ta Ƙare?

Tsohuwar gardama ce, amma wayar hannu ta fito da ita daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ta baza ta a gaban kowa. A Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi, yadda take tashi kusan iri ɗaya ne. A kai wa wani ƙauye hari cikin dare, gari ya waye hotunan gawarwaki da na kabarin bai ɗaya sun cika Facebook da WhatsApp, sai wani matashi da zuciya ta ɗebe ya rubuta cewa Allahn da ake ta yi wa azumi da addu'ar dare barci yake yi. Ko kuma a yaɗa bidiyon wani mai wa'azi yana ɗora wa mutane hannu suna zubewa ƙasa, wani ya ce wannan tsibbu ne da siddabaru, babu Ruhun Allah a ciki. Kafin ka ce kwabo amsa ta iso: ka yi saɓon Ruhu Mai Tsarki, kai da gafara har abada. Daga nan sai 'yan coci ɗaya, wani lokaci ma 'yan ɗaki ɗaya, su rabu biyu. Wasu su ce gaskiya aka gaya masa, ɗaci kawai gare ta. Wasu su ce wanda ya yanke wannan hukunci ya hau kujerar da ba tasa ba. Kowane ɓangare yana da aya a hannu, kuma kowanne yana da dalilin da ya cancanci a saurara kafin a ce ga mai gaskiya.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Bajju da Atyap da Ham da Agworok da sauran ƙabilun kudancin Kaduna suke jin ayoyin da ake gardama a kansu da harshe guda, don haka ba baƙi ba ne ga kowa. Suna cikin Markus 3:28-30, da Matiyu 12:31-32, da Luka 12:10. A ruwayar Matiyu, Yesu ya warkar da wani mai aljan wanda yake makaho kuma bebe, jama'a suka cika da mamaki, sai Farisiyawa suka ce da ikon Ba'alzabul, sarkin aljanu, yake korar aljanu. Markus ya ce masu wannan magana malaman Attaura ne da suka taso daga Urushalima. A amsar da Yesu ya ba su, ya fara da buɗe ƙofa ne har ƙarshenta: kowane irin zunubi da kowane irin saɓo na ɗan Adam ana iya gafarta shi. Matiyu da Luka sun ƙara da cewa har wanda ya yi baƙar magana a kan Yesu kansa yana iya samun gafara. Sannan ya ware abu ɗaya tak, wato saɓon Ruhu Mai Tsarki, ya ce wannan ba shi da gafara. Markus ya rufe labarin da bayanin dalili: ya faɗi haka ne domin sun ce ƙazamin ruhu ne a jikinsa. Duk rigimar da ake yi a yau tana kan yadda za a ɗora wannan keɓewa a kan mutumin da ya yi rubutu a waya da tsakar dare.

Masu tsanantawa suna da hujja mai nauyi, kuma rashin adalci ne a ɗauke su jahilai ko masu taurin zuciya. Suna cewa Yesu bai yi magana don wasa ba. Idan ya ce akwai zunubin da ba a gafartawa, to akwai shi, kuma da baki aka aikata shi a labarin da aka ba mu. A wannan sura ta Matiyu, ayoyi kaɗan gaba, ya yi gargaɗin cewa za a ba da lissafin kowace maganar banza a ranar shari'a. Suna kawo Hananiya da Safiratu, waɗanda suka yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya suka faɗi matattu a gaban manzanni, da Ibraniyawa sura 6 da sura 10, da Wasiƙar Yohanna ta Fari 5:16 wadda ta ambaci zunubin da ke kai ga mutuwa. Masu karatun tarihi a cikinsu suna iya ƙarawa da Didake, ɗan littafin koyarwa na ikilisiyar farko da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, wanda ya hana a gwada annabin da ke magana cikin Ruhu, ya kuma danganta yin hakan da zunubin da ba a gafartawa. Ke nan fahimtar da ke cewa sukar mai annabci tana iya zama wannan zunubi ba jiya aka ƙirƙiro ta a cocin Fentikos ba. Bayan nassi kuma, suna da hujjar tarbiyya. Dattijon da ya tashi a lokacin da ba a ambatar sunan Allah sai da ladabi, yau yana ganin jikansa yana mayar da magana da harsuna abin barkwanci don ya tara mabiya. Idan ya tsorata ya kuma tsoratar, a ganinsa ƙauna ce, domin gara a firgita yaro ya dawo da a lallaɓa shi ya hallaka.

Akwai kuma abin da mutanen Kafanchan suka sani fiye da kowa game da abin da baki ke jawowa. A ranar 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Ilimi ta garin, aka zargi Rabaran Abubakar Bako, wanda ɗalibai Kirista suka gayyato wa'azi, da karkatar da ayoyin Alƙur'ani da taɓa mutuncin Annabi Muhammadu (SAW). Faɗan da ya fara a harabar makaranta ya shiga gari, aka ƙona masallatai, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙona coci-coci fiye da 100. Janar Ibrahim Babangida ya kwatanta abin da juyin mulkin farar hula, ya kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Karibi-Whyte. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yarda a ce masa magana iska ce ba. A gare shi magana zarar bunu ce, kuma duk mai sassauta wa masu sakin baki a kan abubuwa masu tsarki bai san garin da yake zaune ba.

Masu sassautawa su ma daga nassi suke farawa, kuma tambayarsu mai sauƙi ce: su wane ne aka gafarta wa a Sabon Alkawari? Bulus ya faɗa da bakinsa a Timoti ta Fari 1:13 cewa shi mai saɓo ne a dā, mai tsananta wa masu bi, amma aka yi masa jinƙai. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku har da rantsuwa da la'antar kansa, bayan haka aka damƙa masa kiwon garke. Markus ya ce 'yan fashin da aka gicciye tare da Yesu sun zage shi, Luka kuma ya nuna ɗayansu ya samu alkawarin Firdausi a sa'o'insa na ƙarshe. A Tsohon Alkawari, Ayuba ya la'anci ranar da aka haife shi ya zargi Allah da kai masa hari ba dalili, Irmiya a sura 20 ya yi ƙarar cewa Allah ya ruɗe shi, Zabura 88 kuma ta ƙare babu ko kalmar ta'aziyya. Duk waɗannan an bar su a cikin Littafin, ana karanta su a bagade. Idan kalma mai zafi da ta fito daga bakin mai baƙin ciki ita ce zunubin da ba a gafartawa, da rabin mutanen da muke sa wa 'ya'yanmu sunayensu sun hallaka.

Tarihin ikilisiya ya fi karkata zuwa wannan ɓangare, kuma abin lura shi ne a cikin tsanani ma aka yi wannan gardama. A shekara ta 250 Sarki Desiyus na Rum ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka, Kiristoci da yawa suka yi don tsira da rai. Da ƙura ta lafa suka dawo suna kuka, sai wani limami a Rum mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon karɓarsu, ya ware da mabiyansa a 251. Sifiriyan, bishop na Kartaj a Tunisiya ta yau, da mafi yawan bishop-bishop suka tsaya a kan cewa a karɓe su bayan tuba da horo, taron Nikiya na 325 kuma ya shardanta wa mabiyan Nobatiyan masu son dawowa cewa sai sun yarda su yi zumunci da waɗanda suka taɓa faɗuwa. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yi dogon wa'azi a kan ayar Matiyu ya kammala da cewa saɓon Ruhu shi ne ƙin tuba har mutuwa, don haka ba a iya yanke wa mai rai hukuncinsa. Katekizim na Cocin Katolika, a sakin layi na 1864, yana kan wannan layi: jinƙan Allah ba shi da iyaka, amma wanda ya ƙi karɓarsa ta hanyar tuba da gangan ya ƙi gafarar da kansa. John Calvin, wanda yawancin malaman Furotesta suke jin maganarsa, ya ce zunubin na wanda gaskiya ta haskaka shi ne har ba zai iya cewa bai sani ba, amma ya yi gāba da ita da mugun nufi. Saboda haka ne fastoci da yawa suke gaya wa mai tsoro cewa tsoron nan nasa shaida ce bai kai can ba.

A nan ne nake ganin za a iya auna hujjojin biyu. Abin da masu tsanantawa suka tabbatar shi ne cewa zunubin yana nan kuma gargaɗi a kansa wajibi ne. Abin da ba su tabbatar ba shi ne cewa wani ɗan Adam yana iya duban hoton rubutun da aka ɗauko daga wayar wani ya ce ga wanda ya aikata shi. Gargaɗi daban, hukunci daban. Ko a bi Agustin ko a bi Calvin, zunubin yana zaune ne a halin zuciya, a sani da ganganci da dagewa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun nan da ake karantawa a layi biyu na rubutu. Mutanen da Yesu ya yi wa maganar malamai ne da suka haddace Attaura, suka ga makaho ya gani bebe ya yi magana a gabansu, ba su musa aikin ba, suka zauna suka ƙulla masa mummunan suna don kare matsayinsu. Tsakaninsu da yaron da ya binne uwarsa da ƙannensa a rami ɗaya akwai tazara mai nisa. Har su ɗin ma, Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna daga baya firistoci da yawa sun ba da gaskiya, kuma a sura 15 ana ganin Farisiyawa a cikin masu bi. Gargaɗin da aka yi wa ƙungiyarsu bai zama kulle a kan kowane ɗayansu ba.

Wani abin da ke raunana wannan zargi shi ne kowa yana iya ɗaukarsa ya jefi abokin gardamarsa. A Oktoba 2013, John MacArthur, sanannen fasto a Kalifoniya ta Amurka, ya shirya babban taro inda ya zargi ƙungiyoyin masu da'awar baye-bayen Ruhu da cin mutuncin Ruhu Mai Tsarki, wai suna jingina masa ayyukan da ba nasa ba. Su kuma suka mayar masa da cewa shi ne ke kan bakin ramin, tunda yana kiran aikin Ruhu aikin Shaiɗan kamar yadda Farisiyawa suka yi. Aya ɗaya, zargi biyu masu karo da juna. A gari irin Kafanchan, inda ECWA da Katolika da Angilikan da Baptis da coci-cocin Fentikos suke unguwa ɗaya, inda uwa take Zumuntar Mata a wannan coci ɗiyarta kuma take kwana addu'a a wancan, wannan hanya ba ta ɓullewa. Idan mai shakkar wata mu'ujiza ya yi saɓo, mai gaskata mu'ujizar ƙarya shi ma ya yi saɓo, to kowa ya hallaka kowa kuma har yanzu ba a amsa tambayar farko ba, wato shin abin da ya faru a bidiyon nan gaskiya ne ko shiri ne.

Sai kuma a tambayi wanda wannan tsoro yake yi wa amfani. Sau da yawa ana haɗa ayar Markus da Zabura 105:15, wadda ake ja don hana taɓa shafaffe na Allah, sai su zama garkuwar shugaban da ba ya son tambaya. Najeriya ta ga misalai a fili. Tun daga 2017 ma'aikacin rediyon nan na Legas, Daddy Freeze, ya tayar da ƙura a kan zakka da dukiyar manyan fastoci, sau da yawa da harshe mai kaushi. A Satumba 2020 Fasto David Ibiyeomie na Fatakwal ya la'ance shi a kan bagade saboda kalaman da ya yi a kan Bishop David Oyedepo, Daddy Freeze kuma ya fito ya nemi gafarar Oyedepo. Ya kyauta da ya nemi gafara a kan zagi. Amma a Oktoba 2024 Fasto Enoch Adeboye ya fito ya janye maganar da ya yi a 2018 cewa wanda ba ya fid da zakka ba zai shiga sama ba, ya ce kuskure ne kuma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. Ashe daga cikin waɗanda aka yi ta kira 'yan tawaye a tsawon shekarun nan akwai masu gaskiya a wannan batu. A Janairu 2024 kuma BBC ta fitar da wani bincike inda tsofaffin almajiran Fasto T.B. Joshua suka yi zargin cin zarafi da shirya mu'ujizai, cocinsa ya musanta, amma tambayar ta tsaya: mutum nawa ne suka yi shiru shekara da shekaru don tsoron kada su taɓa abin da ba a gafartawa? Shi kansa Didake da masu tsanantawa suke jingina da shi bai tsaya a hani ba, ya ce a gane annabi da halinsa, kuma wanda ya ce cikin Ruhu a ba shi kuɗi kada a saurare shi. Yohanna ta Fari 4:1 ta umarci masu bi su gwada ruhohi, an kuma yaba wa mutanen Biriya don sun bincika ko wa'azin Bulus ya yi daidai da nassi. Kudancin Kaduna ma yana da nasa abin koyi. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya rasu a 1975, ya soki koyarwar manyan malamai irin su John Mbiti da Bolaji Idowu da sunayensu, amma a littafi ya yi, da hujja da aya, yadda wanda aka soka zai iya ba da amsa.

Akwai dalili na musamman da ya sa Kiristan Arewa ya kamata hannunsa ya yi sanyi kafin ya rubuta wa wani zargin saɓo. A ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato kan saƙon murya da ta tura a rukunin WhatsApp na 'yan ajinsu, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a Jihar Bauchi, ta shafe wata 18 a tsare saboda tura bidiyon da ke sukar kisan, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Musulmi ma ba su tsira ba: a Yuni 2023 taron jama'a ya kashe mahauci Usman Buda a Sakkwato kan irin wannan zargi. Kuma mai karanta Littafi Mai Tsarki ya san da zargin saɓo aka jejjefe Nabot don a ƙwace gonar inabinsa, da shi aka kama Istifanas, da shi majalisa ta yanke wa Yesu hukuncin kisa. Za a ce ai mu ba ma kisa, baki kawai muke yi. Gaskiya ne, kuma bambancin yana da girma, bai kamata a raina shi ba. Sai dai tsarin tunanin iri ɗaya ne: a ɗauki hoton magana, a cire ta daga mahallinta, a yaɗa da sunan mai ita, taron da ba a san iyakarsa ba ya zama mai ƙara kuma alƙali, a yanke hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a bayansa. Wanda ke neman a yi wa Deborah adalci ba zai ji daɗin kallon kansa yana wannan aiki a cikin gidansa ba.

Illar ba ta tsaya a kan suna ba. John Bunyan, mai wa'azin Ingila, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1666 yadda ya daɗe cikin azaba yana zaton ya aikata wannan zunubi, har ya riƙa ganin dabbobi sun fi shi sa'a. Irinsa suna nan a kowace ikilisiya, masu lamiri mai taushi waɗanda mugun tunani ke faɗo musu a tsakiyar addu'a, su kasa barci. Su ne wannan magana take kamawa, domin mai ba'a na gaske dariya zai yi ya wuce. A kudancin Kaduna kuwa masu rauni suna da yawa. Diyosisin Katolika na Kafanchan kaɗai ya binne Fada John Mark Cheitnum da aka sace aka kashe a Yuli 2022, da ɗalibin limanci Na'aman Danlami da aka ƙona a gidan Fada na Fadan Kamantan a ranar 7 ga Satumba 2023, da Fada Sylvester Okechukwu da aka kashe a Larabar Toka ta Maris 2025, ban da talakawan ƙauyuka da sunayensu ba sa shiga jarida. Mutanen da suka ga wannan za su faɗi abin da bai dace ba. Abokan Ayuba uku sun ji irin waɗannan kalamai suka tashi kare Allah da dogayen jawabai, a ƙarshen littafin kuma su ne Allah ya yi fushi da su, ya ce Ayuba ya yi musu addu'a.

Duk da haka, masu sassautawa suna da nasu ramin, kuma hujjar da ta fi ƙarfi a kansu ita ce wannan: idan kullum amsar ita ce kada ka damu, Allah mai jinƙai ne, yaushe gargaɗin Yesu zai yi aiki? A Disamba 2006 wata ƙungiyar marasa addini a Amurka ta ƙalubalanci matasa su ɗauki bidiyon kansu suna musun Ruhu Mai Tsarki su ɗora a YouTube, da yawa kuma suka yi. Malaman Kirista da dama suka ce furta jimla a gaban kyamara ba shi ne zunubin ba, kuma sun yi daidai. Amma wanda ya mayar da ba'a sana'a, yau ya yi wa addu'a, gobe ya yi wa jibin Ubangiji, yana ƙirga masu tafa masa, yana koya wa zuciyarsa taurin da Agustin ya ji wa tsoro. Ba rana ɗaya ake kaiwa ga ƙin tuba ba. Cewa babu mai iya nuna ranar da mutum ya ƙetare iyaka ba ya nufin babu iyakar. Haka nan maganar da ba saɓo ba ce tana iya zama mugun zunubi. Ƙazafi ga fasto zunubi ne, zagin wata ɗarika zunubi ne, yaɗa labarin da ba a tantance ba kuwa yana iya cin rai. A farkon 2017 wani mai suna Audu Maikori ya wallafa cewa an kashe ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, makarantar ta ƙaryata, ya fito ya janye ya nemi gafara. A yankin da jita-jita ke iya tayar da gari kafin la'asar, wannan janyewa a bainar jama'a ita ce abin da ya kamata a nema daga duk wanda ya saki baki. Mai cewa ba komai ya yi kuskure kamar mai cewa babu gafara.

Abin da ya rage shi ne a tuna cewa ikilisiya tana da hanyarta tun kafin zuwan waya. Matiyu 18 ya tsara ta: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. A coci-coci da yawa na yankin har yau haka ake yi. Dattawa su kira mutum su zauna da shi, a ji ta bakinsa, in laifin ya tabbata a sanar ranar Lahadi cewa an sa shi ƙarƙashin horo. Ya koma bencin baya, ya ajiye rigar mawaƙa ko muƙamin da yake riƙe da shi, faranti da ƙoƙon jibi su wuce shi. Abin da ciwo, kowa yana gani. Amma yana cikin ɗakin, yana jin wa'azi, ana gaisawa da shi a bakin ƙofa, bayan watanni kuma a kira sunansa ya miƙe a karɓe shi, mata su yi guɗa. Ana iya sukar yadda ake aiwatar da horo, musamman yadda ya fi faɗa wa matasa mata da marasa galihu, amma ginshiƙinsa daidai ne, domin an gina shi a kan zaton mai laifi zai dawo. Bulus ma, a Korintiyawa ta Biyu sura 2, ya roƙi ikilisiya ta yafe wa wanda ta hukunta don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Hukuncin da ake yankewa a Facebook ba shi da dattijo, ba shi da wa'adi, ba shi da ranar karɓa.

Matsayina ke nan a wannan muhawara. Masu tsanantawa sun yi gaskiya cewa baki yana da lissafi kuma gargaɗin Yesu yana nan daram, ya kamata fastoci da malaman makarantun tauhidi irin ta ECWA da ke Kagoro su koyar da ayoyin nan da mahallinsu, kada a bar su a hannun masu jifa. Masu sassautawa sun yi gaskiya a babban batu, cewa ba a ba kowa ikon sanar da mai rai cewa tubansa ba zai karɓu ba. Kirista yana da damar ce wa ɗan'uwansa maganar nan da ka rubuta zunubi ce, ka goge ta, ka nemi gafarar Allah da ta wanda ka ɓata wa, kuma zai fi kyau ya kira shi a waya ko ya je gidansa ya faɗa masa. Idan ya wuce nan ya ce masa kai da gafara har abada, ya faɗi abin da bai sani ba a kan al'amarin da Allah kaɗai ya sani, kuma wannan ma magana ce da za a tambaye shi a kanta.